Waiwaye: Yadda ƙananan kwalejojin Amurka suka rabu gida biyu

A ƙarshen watan Afrilun 2024, ɗaliban kwalejin Wells da ke jihar New York suka wayi gari da sanarwar cewa makarantarsu za ta rufe da zarar zangon karatu ya ƙare. Tun 1868 aka kafa ta. Wata guda bayan haka Birmingham-Southern ta jihar Alabama, wadda ta girme ta da shekara 12, ita ma ta sa kwaɗo a ƙofa, bayan ta nemi rance daga gwamnatin jiha ba ta samu ba. A daidai wannan lokaci kuwa, irin su Amherst da Williams da Pomona, waɗanda tsarinsu ɗaya ne da na waɗanda suka rufe, cikin kowane mutum goma da suka nemi gurbi kusan tara suke mayarwa gida. Duk uban da ɗansa ko 'yarsa ke hangen irin waɗannan makarantu, ya kamata ya san yadda aka yi aka zo nan.

Makarantun da ake magana su ne kwalejojin faffaɗan ilimi. Digirin farko suke bayarwa na shekara huɗu, daidai da na kowace jami'a. Ɗalibansu ba su cika wuce dubu biyu zuwa uku ba, kusan kowa a cikin makaranta yake kwana, kuma farfesa ne da kansa ke shiga aji, ya karanta rubutun ɗalibi ya gyara. Ɗalibi ba ya zaɓen fanni kafin ya shiga, yadda ake yi a fam ɗin JAMB. Sai ya ɗanɗani tarihi da lissafi da kimiyya da falsafa da harsuna, sannan wajen ƙarshen shekara ta biyu ya faɗi inda zai zurfafa.

Tushen abin ya faro ne daga Turai ta da, inda ake ɗaukar fannoni bakwai a matsayin ginshiƙin mai ilimi: nahawu, manɗiƙi, balaga, lissafi, ilimin awo, kiɗa da falaki. Wanda ya taɓa zama a makarantar zaure a Kano ko Zariya ba zai ji baƙon abu a nan ba, domin can ma sai an ratsa nahawu da balaga kafin a ce mutum ya isa ya yi fatawa, kuma malam ya san kowane ɗalibi da inda karatunsa ya tsaya. Turawan Ingila da suka ƙaura Amurka sun tafi da tsarin, suka kafa Harvard a 1636, Yale a 1701, babban burinsu horar da limaman coci. Bayan samun 'yanci sai kowace ɗariƙar Kirista, kowane ƙaramin gari, ya so a ce yana da tasa kwalejin. Williams ta zo a 1793, Bowdoin a 1794, Middlebury a 1800. Amherst kuwa a 1821 aka buɗe ta don samarin da ba su da hali amma suna son aikin coci, kuma shugabanta na farko daga Williams ya taso da wasu ɗalibansa. Wannan son kowane ƙaramin gari ya samu tasa ne dalilin da ya sa har yau yawancinsu suna ƙauyuka da ƙananan garuruwa masu tsananin sanyi, nesa da birni.

Tun farkon ƙarni na 19 aka fara ƙorafin cewa Latin da Girkanci da kwalejojin ke koyarwa ba sa gina gada ba sa noma gona. Malaman Yale suka mayar da martani a wani rahoto na 1828, suka ce aikin kwaleji shi ne ta wasa ƙwaƙwalwa ta aza harsashi, sana'a kuma a koya daga baya. Gardamar da ake yi yau ke nan, ba a ƙara mata komai ba sai tsadar kuɗin makaranta. Daga baya abubuwa biyu suka sauya fagen. Dokar Morrill ta 1862 ta ba jihohi filaye don kafa jami'o'in noma da injiniyanci, sannan a 1876 aka buɗe Johns Hopkins bisa tsarin Jamus, inda bincike da digirin digirgir suka sha gaban koyarwa. Harvard da Yale suka bi wannan hanya suka zama manyan jami'o'i. Waɗanda suka ƙi girma, ko suka kasa, su ne ƙananan kwalejojin yau.

Akwai wani ɓangare na tarihin da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa. Waɗannan ƙananan makarantu ne suka riga manya buɗe ƙofa ga waɗanda aka ware. Oberlin ta jihar Ohio ta fara karɓar baƙar fata a 1835, lokacin ana tsakiyar bauta, ta kuma shigar da mata karatun digiri a 1837. Berea ta jihar Kentucky, wadda masu adawa da bauta suka kafa a 1855, ta haɗa baƙi da farare a aji ɗaya har sai da dokar jiha ta hana ta a 1904. Tun 1892 ba ta karɓar kuɗin karatu, kowane ɗalibi aiki yake yi wa makaranta na aƙalla awa 10 a mako. 'Yan Afirka ma sun sha daga wannan rijiya. Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk sun yi jami'ar Lincoln ta Pennsylvania. Kofi Annan ya gama Macalester ta Minnesota a 1961. Wangari Maathai ta Kenya ta yi digirinta na farko a wata ƙaramar kwalejin mata ta Katolika a Kansas, ta gama a 1964.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dokar 1944 da ta ɗauki nauyin karatun tsofaffin sojoji ta cika makarantu da ɗalibai, amma manyan jami'o'in jihohi ne suka kwashi kaso mafi tsoka. Iyaye suka koma tambayar aikin da digiri zai kawo. Kwalejoji da yawa suka ƙara kwasa-kwasan kasuwanci da jinya don su rayu, har suka tashi daga asalinsu. Masanin tattalin arziki David Breneman ya ƙirga a 1990 ya ce guda 212 ne suka rage a kan tsarin na ainihi. Da wasu masu bincike suka sake ƙirgawa a 2012, sai suka samu 130.

A 1983 kuma, mujallar U.S. News ta fara jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ƙasa. Jerin ya zama abin da iyaye ke fara dubawa, alhali da yawa daga ma'aunansa dukiya da suna suke aunawa. Kwalejin Reed ta daina ba mujallar bayananta tun 1995. A ganina Reed ta yi daidai, domin jerin ba ya gaya maka ko malamin da zai koyar da ɗanka zai san sunansa.

Abin da ya raba su gida biyu a yau shi ne asusun waƙafi, wato dukiyar da tsofaffin ɗalibai da attajirai suka tara wa makaranta ana juya ta. Na Williams da na Amherst kowanne ya haura dala biliyan uku, ga ɗalibai kimanin dubu biyu. Kuɗin da suke rubutawa a takarda ya wuce dala 80,000 a shekara idan an haɗa abinci da makwanci, amma yaron da iyayensa ba su da shi ana iya ɗauke masa kusan duka. Amherst, da Bowdoin tun 2022, ba sa ma duba aljihun ɗalibin ƙasar waje kafin su yanke shawarar ɗaukarsa. Ɗaya gidan kuwa da kuɗin ɗalibai yake rayuwa. Suna rage farashi fiye da rabi don jawo mutane, ga shi haihuwa ta ragu a Amurka tun bayan rikicin tattalin arziki na 2008, wato masu gama sakandare za su yi ta raguwa. Green Mountain ta rufe a 2019, Marlboro ta narke cikin kwalejin Emerson a 2020. Sweet Briar ta sanar da rufewa a 2015, tsofaffin ɗalibanta mata suka tashi tsaye da kotu da tara kuɗi suka ceto ta. Ba kowace makaranta ke da irin waɗannan ba.

Shi ya sa tayin tallafi mai daɗin ji daga makarantar da ba a san ƙarfinta ba yake ba ni tsoro. Ba'amurke idan makarantarsa ta rufe, gida zai koma ya nemi wata. Yaron da ya taso daga Katsina ko Maraɗi, bizarsa a ɗaure take da makarantar, ga dokokin shiga ƙasar sun ƙara tsanani tun 2025. Kafin a amsa tayi, a tambayi girman asusun waƙafin, a duba ko yawan ɗalibai yana raguwa shekara bayan shekara, ko tallafin na shekara huɗu ne ko na farko kawai, da kuma mutum nawa ke kammalawa cikin waɗanda suka shiga. A tambayi inda ake sallar Juma'a, da abincin halal, da inda ɗalibi zai zauna idan an rufe ɗakunan kwana a hutun hunturu. A kuma sani cewa likitanci da lauya a Amurka sai bayan digirin farko ake shiga, injiniyanci kuwa kaɗan ne cikinsu ke koyarwa, irin su Swarthmore da Smith. Ofisoshin EducationUSA, shirin gwamnatin Amurka na wayar da kan masu neman karatu a can, na Abuja da Legas suna ba da shawara a kan irin waɗannan tambayoyi.

Tsarin kansa ya riga ya tsallako teku. Patrick Awuah ɗan Ghana ya yi Swarthmore da tallafi, ya yi aiki a Microsoft, sannan ya koma gida ya buɗe jami'ar Ashesi a Accra a 2002 da ɗalibai 30 a gidan haya. A Yola kuma Jami'ar Amurka ta Nijeriya, wadda Atiku Abubakar ya kafa, ta fara karɓar ɗalibai a 2005 bisa salon nan na fara karatu da faɗi kafin a zaɓi fanni. Su ma makarantun kuɗi ne, don haka tambayar tallafi da ta ƙarfin asusu ta hau kansu kamar yadda ta hau kan na Amurka.