Sabon abu kaɗai ba ya sa a ba ka haƙƙin ƙirƙira

Mutane da yawa sun ɗauka cewa muddin ba a taɓa yin abu ba, to mai shi zai samu takardar haƙƙin ƙirƙira. Ba haka dokar take ba.

Ga misalin salatif mai gam biyu. Gam ɗin akirilik yana kamawa nan take, ifoksi kuma ya fi ƙarfi idan ya daskare. A gauraya su, a haska musu hasken ultirabayolet (wani haske da ido ba ya gani), su ƙame. Ko da babu wanda ya riga ka haɗa su, sashe na 103 na dokar haƙƙin ƙirƙira ta Amurka ta 1952 yana tambaya: shin mai matsakaiciyar ƙwarewa a wannan sana'a, da ilimin da ke akwai a lokacin, zai ga haɗin a fili yake?

A 2007, a shari'ar kamfanonin KSR da Teleflex, Kotun Ƙolin Amurka ta ce haɗa sanannun abubuwa da suka ba da sakamakon da ake tsammani yawanci ba ƙirƙira ba ce. Abin da ke ceton mai salatif shi ne ya nuna sakamakon da ba a zata ba, kamar ƙarfin riƙo da ya zarce lissafin masana.