Bashin Coci Ba Ya Hana Yaro Sakramentin Ƙarfafawa: Ga Abin da Dokar Ikkilisiya Ta Ce

Da zarar an sanar a cocin Katolika cewa Bishop zai zo ba da Sakramentin Ƙarfafawa, wanda yawancinmu muke kira konfameshin, wato shafa mai da ake yi wa wanda aka riga aka yi wa baftisma domin ya karɓi baiwar Ruhu Mai Tsarki, sai maganganu su fara yawo. A ƙofar coci bayan Mas, a taron Zumuntar Mata, a zaurukan WhatsApp na iyaye, za ka ji ana cewa duk gidan da bai gama biyan kuɗin godiyar kaka ba za a cire sunan ɗansa. Wata ta ce an gaya mata yaron da iyayensa ba su ɗaura aure a coci ba ba zai shiga layi ba. Wani kuma ya tsorata 'yarsa cewa in wannan karon ya wuce ta, ita da auren coci sai dai ta gani a wurin wasu. Iyaye da yawa, musamman waɗanda hannunsu bai kai ba, in suka ji haka sai su janye yaransu su yi gum, ba tare da sun tambayi kowa ba. Shirun nan ne ya fi damuna, shi ya sa na ga ya kamata mu buɗe dokar mu karanta.

Dokar tana cikin Kundin Dokokin Ikkilisiyar Katolika wanda Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar ranar 25 ga Janairun 1983, daga sashe na 879 zuwa na 896. Ita ke aiki a Roma, ita ke aiki a Kafanchan da Pankshin da Kontagora. Bishop yana iya ƙara tsari a dayosis ɗinsa, wato yankin da yake shugabanta, amma ba ya iya soke ta. Ta shafi duk wanda aka yi wa baftisma kuma bai taɓa karɓar wannan sakramenti ba, matashi ne ko tsoho mai jikoki, kuma sau ɗaya ake karɓarsa a rayuwa.

Sashe na 889 ya nemi abu uku daga wanda ya yi hankali: a koyar da shi yadda ya kamata, zuciyarsa ta kasance a shirye, sannan ya iya sabunta alkawuran baftismarsa da bakinsa, wato ya ƙi Shaiɗan ya kuma furta bangaskiyarsa lokacin da Bishop ya tambaya. Koyarwar Ikkilisiya ta ƙara da cewa ya dace ya je furta zunubi kafin ranar. Iyakar abin ke nan. Babu rasit a ciki, babu anko, babu katin biyan kuɗin coci na uba ko na uwa.

Zancen kuɗi ya fi ruɗa mutane ne domin akwai ɗan ƙamshin gaskiya a cikin jita-jitar. Doka ba ta hana baiko ba. Sashe na 1264 ya ba taron bishop-bishop na lardi, kamar lardin Kaduna ko na Jos, ikon tsayar da abin da za a riƙa bayarwa lokacin sakramenti. Sashe na 222 kuma ya ɗora wa kowane mai bi nauyin taimaka wa Ikkilisiya da bukatunta. Saboda haka uban da yake da hali amma ya ƙi biyan na gini ko na kaka bai kyauta ba, kuma Fada, wato firist na cocin, yana da hurumin ya yi masa magana. Sai dai sashe na 848 ya gindaya sharaɗi biyu. Mai ba da sakramenti ba zai nemi komai sama da abin da hukumar da ta dace ta tsayar ba. Sannan dole a kullum ya kula kada talauci ya zama sanadin hana mabukaci sakramenti. Doka ba ta ce in Fada ya ga dama ya yi rangwame ba. Wajibi ta ɗora masa. Sashe na 843 ya ƙara ƙarfafa wannan: ba a hana sakramenti ga wanda ya nema a lokacin da ya dace, yana a shirye, kuma doka ba ta haramta masa ba. Bashin uba ba ya cikin abubuwan da doka ta ce suna haramta wa ɗa.

Ku dubi uwar da ke tsaye a gaban teburin katikis, mai koyar da yara addini, bayan aji, ta kwance bakin zane ta ƙirga abin da ke ciki sau biyu, ta ga bai kai ba, ta ɗaure ta ce, "Baba katikis, bari mu jira wani zuwan." Yarinyarta tana gefe riƙe da littafin katikizim da ya sha hannu har bangonsa ya rabu, ta haddace amsoshi tun damina. A ƙauyukan da Bishop kan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya sake zagayowa, "wani zuwan" na iya samun yarinyar ta tafi aikatau birni ko ta yi aure. Wannan uwar ba alfarma take roƙo ba in ta je wurin Fada ta ce, "Fada, ba ni da shi." Haƙƙin 'yarta take nema, kuma dokar tana bayanta.

Akwai hukunci, kuma mutane kaɗan ne suka san da shi. Fafaroma Francis ya sake fasalin ɓangaren hukunce-hukunce na kundin, sabon tsarin ya fara aiki ranar 8 ga Disambar 2021. A cikinsa, sashe na 1377 ya ce wanda yake riƙe da muƙami ko wani aiki a Ikkilisiya, in ya nemi baiko sama da abin da aka tsayar, ko ƙarin kuɗi, ko wani abu don amfanin kansa, za a ci shi tara ko a yi masa wani hukunci, har ma ana iya raba shi da muƙamin, kuma dole ya gyara ɓarnar da ya yi. Sashe na 1380 ya fi tsanani. Ya shafi saye da sayar da sakramenti kai tsaye, kuma hukuncin na iya kaiwa ga hana mutum karɓar sakramenti, ko dakatar da firist daga aikinsa. Tushen wannan yana cikin Ayyukan Manzanni sura ta 8, kuma a kan wannan sakramentin ne ma abin ya faru. Bitrus da Yohanna sun je Samariya suna ɗora hannu a kan waɗanda aka riga aka yi wa baftisma domin su karɓi Ruhu Mai Tsarki. Wani Siman mai sihiri ya gani, ya miƙo kuɗi a ba shi wannan iko. Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya saboda ya zaci ana sayen baiwar Allah da kuɗi.

To amma iyaye, hukuncin nan kaifi biyu gare shi. Sashen na 1377 ya kuma hukunta mai bayarwa ko mai yin alkawarin wani abu domin ma'aikacin coci ya yi abin da bai halatta ba. Uban da ɗansa bai taka ajin katikizim ba tun da aka fara, sai ana saura mako guda ya je da ambulan wurin katikis don a cusa sunan, shi ma ya shiga ciki. Kyautar godiya bayan an gama, ko mudun masara da aka kai wa katikis saboda wahalar da ya sha da yara, ba su ne ake nufi ba. Abin da aka hana shi ne a mayar da kuɗi sharaɗi.

Ina jin tausayin katikis a wannan al'amari. Da yawansu suna hawa keke ko tsohon babur zuwa ƙananan majami'u na ƙauye, alawus ɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma su ake bari da ɗawainiyar buga takardu da sayen littattafai. In kwamiti ya ce a haɗa kuɗin littafi ko na abincin baƙi, ba laifi ba ne. Laifin yana farawa ne lokacin da aka haɗa wannan lissafi da jerin sunayen masu karɓar sakramenti a takarda ɗaya, har wanda bai biya ba ya ɗauka an cire shi. A ganina raba takardun nan biyu kawai zai kashe rabin jita-jitar.

Akwai dalilin da doka ta yarda a ɗaga wa yaro, kuma iyaye su daina ɗaukarsa ƙiyayya. In bai halarci koyarwa ba, ko aka gwada shi aka ga bai san abin da zai karɓa ba, ko shi da kansa ya ce ba ya so iyaye ne suka matsa masa, Fada yana da gaskiya in ya ce ya jira. Sashe na 890 ya ɗora nauyin koyarwar a kan iyaye da limaman coci tare, shi ya sa ake kiran taron iyaye. Wanda aka kira ya je.

Batun auren iyaye kuwa, sashe na 889 bai ambace shi ba ko kaɗan. Fada na iya amfani da wannan dama ya ja hankalin iyayen da suka tsaya a auren gargajiya su zo a ɗaura a coci, wannan aikinsa ne. Amma shirin yaron ake aunawa, ba na iyayensa ba.

Inda halin aure da rayuwa ke shigowa shi ne wajen mai tsaya wa yaro, wanda zai ɗora hannunsa na dama a kafaɗarsa lokacin da Bishop ke shafa masa mai. Sashe na 893 ya mayar da mu ga sashe na 874: ya cika shekara 16, sai in Bishop ya tsayar da wasu shekarun ko an yi togiya da dalili; ya zama ɗan Katolika da ya karɓi Ƙarfafawa da Jibin Ubangiji; rayuwarsa ta dace da bangaskiya da aikin da zai ɗauka; kada ya kasance ƙarƙashin hukuncin Ikkilisiya; kuma kada ya zama uba ko uwar yaron. Wannan na ƙarshe yana ɓata wa wasu iyaye rai, amma ni ina ganin hikimarsa. Matashi yana bukatar wani babba a waje da gida wanda zai iya gaya wa abin da nauyin baki ba zai bar shi ya gaya wa mahaifinsa ba. Doka ta fi son a ɗauki wanda ya tsaya masa a baftisma. Ba ta ce a nemi mai kuɗi ko mai mota ba, kuma ta ce a samu mai tsayawa ne gwargwadon yadda zai yiwu, don haka rashinsa ba ya ɓata sakramentin. Kawu ko gwaggo da ba 'yan Katolika ba, kamar na ECWA ko COCIN, za su zo su yi murna da ku, amma ba za su iya riƙe wannan matsayi ba.

Shekaru fa? Sashe na 891 ya ce wajen lokacin da yaro ya yi wayo, wanda kundin ke ɗauka daga shekara 7, sai in taron bishop-bishop na ƙasa ya tsayar da wani lokaci. A aikace an saba jira har yara su tasa, kuma ofishin faris, wato na cocinku, zai gaya muku tsarin dayosis ɗinku. Amma tsarin shekaru ba ya shafe haƙƙin wanda ya shirya. A 1999 ofishin Vatican mai kula da ibada da sakramenti ya rubuta wa wani bishop game da yarinya 'yar shekara 11 da aka ce ta jira don ba ta kai shekarun da dayosis ya tsayar ba. Amsar ita ce, tunda ta cika sharuɗɗan doka, a ba ta.

Tsoron da ake ba 'yan mata game da aure ya samo asali ne daga sashe na 1065, wanda ake karanta rabinsa a bar rabi. Ya ce ɗan Katolika da bai karɓi Ƙarfafawa ba ya karɓa kafin a ɗaura masa aure, in hakan zai yiwu ba tare da babbar wahala ba. Rashinsa ba ya ɓata aure. Wanda ya wuce shi yana matashi zai iya shiga ajin manya ya karɓa ko yana da shekara 50. Mai niyyar zama firist ne doka ta ce lallai ya karɓa kafin a naɗa shi.

Iyalan da rikici ya raba da gidajensu a Kudancin Kaduna ko Filato ko Borno suna yawan tambaya game da katin baftisma da ya ƙone ko ya ɓata. A fara neman sunan a littafin rajista na cocin da aka yi baftismar. In shi ma babu, sashe na 876 ya ce shaidar mutum ɗaya amintacce ta isa, in hakan ba zai cuci kowa ba, ko rantsuwar shi kansa mutumin in yana babba aka yi masa. Haka kuma, in yaro yana cikin haɗarin mutuwa ba a jiran Bishop, ba a jiran ya gama aji, ba a duba shekaru. Sashe na 883 ya ba kowane firist ikon ya ba shi nan take, don haka a faɗa wa Fadan da aka kira asibiti cewa yaron bai karɓa ba.

Ku kuma 'yan aji, yayyenku suna tsokanarku ne da cewa Bishop zai sharara muku mari. A tsohon tsari akwai ɗan taɓa kunci, amma tun sabon tsarin da Fafaroma Paul na Shida ya fitar a 1971 aka bar shi. Bishop zai tsoma babban yatsansa a man da aka keɓe a Makon Tsarki, mai haɗe da turare, ya zana gicciye a goshinku, ya kira sunanku, ya ce ku karɓi hatimin baiwar Ruhu Mai Tsarki, ku amsa da Amin, sannan ya yi muku sallamar salama.

Bayan an gama, akwai aikin da iyaye kan manta saboda hidimar baƙi. Sashe na 895 ya ce a rubuta sunan wanda ya karɓa, da na wanda ya bayar, da na iyaye da mai tsayawa, da wuri da kwanan wata, a kuma sanar da cocin da aka yi wa yaron baftisma don a ƙara a rajistarsa. In a wani gari aka yi baftismar, ku koma ofishin faris bayan 'yan makonni ku tabbatar an aika sanarwar, domin wannan rajistar za a buɗe ranar da ya zo neman takardar aure.