Goge ƙarfen adon mota: tambayoyin da aka ishe ni da su

Kullum tambayoyin nan ne a bakin gareji a nan Garwa, daga direbobi har masu babur. Ga amsa a rubuce, kowa ya karanta kafin ya zo.

Zan iya dirje inoks, wato farin ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, da soson ƙarfe na wanke tukunya?

A'a. Soson yana barin ɓurɓushinsa a jiki, damina na sauka sai jajayen ɗigo su fito, ka zo kana cewa an sayar maka da jabu. Ɓurɓushin ne ya yi tsatsa.

Toka da yashi fa?

Kada ka soma.

Me ya sa ƙarfen yake dushewa da hunturu?

Tambayi yaron da ke goge maka mota da busasshen tsumma. Ƙurar hunturu tana da kaifi, duk jan tsumma ɗaya karce ne. A fara zuba ruwa, a bi da sabulu, sannan tsumma mai laushi. Alhaji, ba sai an sa maka jabel, wato ruwan bilic, ba don Allah. Inoks yana da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke yi masa wata siririyar kariya da ido ba ya gani, jabel kuwa cinye ta yake yi. Haka ruwan batir.

Akwai karce mai zurfi a ƙarfen gefen ƙofa. In sa masa sanfefa?

To, nan ne ba na son gaggawa, domin ba duk mai ƙyalli ne inoks ba. Yawancin adon gaban motocin yanzu roba ce aka shafa wa kurom. Ƙwanƙwasa da farce ka ji: roba ba ta amo, kuma da asuba ba ta sanyi kamar ƙarfe. In roba ce, ko ƙarfe mai shafen kurom irin bamban tsofaffin motoci, sanfefa na taɓa shi shafen ya tafi, ba mai dawo maka da shi. Alminiyam ma sau da yawa yana da nasa rufin, ka kankare wuri ɗaya sai ya bambanta da sauran.

Wasu suna cewa a gwada da maganaɗisu. Yana taimakawa, amma bai isa hujja ba. Inoks mai lamba 304 galibi ba ya kama shi, mai lamba 430, wanda aka fi yin adon mota da shi, yana kamawa. Don haka ka nemi ɓoyayyen wuri, ko bayan ƙarfen in ya ciru, ka ɗan goga ka gani. In launin ciki ɗaya ne da na waje, babu jan tagulla ko wani abu dabam a ƙasa, mai yiwuwa ka tsira.

Sannan ka fara da sanfefa mai lamba 400 in farce yana maƙalewa a karcen, ka hau 600, 800, 1200, har 2000, da ruwa, ba tsallake. Kowace lamba sai ta share sawun ta baya. Ka manna salatif a kan fentin da ke gefe. A ƙarshe man goge ƙarfe irin Autosol, kaɗan a tsumma, zai yi baƙi, ba komai, aikinsa ke nan. Amma ƙarfen nan siriri ne. In karcen ya haɗu da lotsawa, sai an ciro shi an buga daga baya a hankali, wani lokacin ma gara ka bar ɗan tabon a kan ka huda ƙarfen. Ni dai in mota ta haya ce, shawarata a bar shi.

Injin goge bai fi sauri ba?

Ya fi, kuma ya fi fizge ƙarfe ya nannaɗe shi, ko ya tafi da yatsa. In ka danne wuri ɗaya zafi ya sa ya yi ruwan ɗorawa. Ba na ɗan koyo ba ne.

Fararen ɗigo bayan wanki, ƙarfen ya lalace ke nan?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Ruwan rijiyar burtsatse ne ya bushe a kai. Wa ya ce ka wanke mota tsakar rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40? Lemun tsami a cikin ruwa, goga, ɗauraye sosai, tsane nan take. Gobe ka wanke a inuwa.