Mene ne "zamanin dutse" da ake ta yi wa mutane barazana da shi?

Kwanan nan duk tashar da ka murɗa sai ka ji "zamanin dutse". Wata ƙasa ta ce za ta yi wa wata ruwan bama-bamai har ta mayar da ita zamanin dutse. An ɗauke wuta kwana uku, ɗan adawa ya ce gwamnati ta mayar da mu zamanin dutse. Barazanar ma tsohuwa ce, tun 1965 ake jingina ta ga janar ɗin sojan saman Amurka Curtis LeMay a kan Biyetnam ta Arewa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake fassara kalmar kamar tana nufin kufai. Har na ji wani mai sharhi ya ce wai zamanin jahiliyya ke nan.

Sunan daga gidan adana kayan tarihi ya fito. Christian Thomsen, masanin kayan tarihi na Kofenhagen ta Denmark, shi ne ya jera kayan da aka tono bisa abin da aka yi su da shi, na dutse, na tagulla, na ƙarfe, aka buga tsarin nasa a 1836. Wato sunan kayan aiki ne, bai auna hankalin kowa ba.

Kuma mutanen wancan zamani ba kowane dutse suke ɗauka ba. Suna neman mai fashewa da kaifi, irin ƙanƙarar da ake ƙyastu da ita, ko baƙin gilashin da dutse mai aman wuta ke fitarwa. Kayan dutse mafi tsufa, waɗanda aka samu a Lomekwi ta Kenya, sun kai shekara miliyan 3.3. Daga baya aka zo da gatarin hannu mai siffar ƙwallon mangwaro, an sassaƙe fuska biyu, kai da tsini, gindi daidai tafin hannu. An tono irinsa a Mai Idon Toro kusa da Jos. A Adrar Bous ta Nijar kuwa an samu tsinaye masu 'yar wutsiya a gindi, wadda ake ɗaure wa ƙota.

Mu ma mun san kayan nan, suna dai muka canza musu: gatarin aradu. Kakata tana da ɗaya cikin ƙaramar tukunya, baƙi, sumul kamar an shafa masa mai, baki a goge, bai fi tsawon yatsa ba. Ta ce aradu ce ta jefo shi, kuma ba a bari yaro ya taɓa. Turawa ma sun daɗe da irin wannan imani kafin su yarda aikin hannu ne. Mutum ne ya zauna ya goga shi a kan wani dutse da ruwa da yashi, kwana da kwanaki. Kyan aikin ya kai har jikokinsa suka kasa yarda ɗan Adam ne ya yi, suka ce daga sama ya faɗo. Wannan gwanin ne ake zagin gwamnati da sunansa!

Na taɓa gwada fasa dutsen ƙanƙara in fitar da tsini guda. Wajen awa ɗaya ina bugu, abin da na tashi da shi tsakuwa ce da yanka a babban yatsa.