Waiwaye: Malamin da Aka Sa Ya Ƙona Littafinsa da Hannunsa

A shekarar 1121, a garin Soissons da ke arewacin Faransa, manyan malaman coci suka hura wuta a tsakiyar majalisa, suka kira wani malami mai suna Pierre Abelard, suka ce ya jefa littafinsa ciki da hannunsa. Ya jefa. Ba a ba shi damar kare kansa ba. Sai ma aka miƙa masa takardar aƙidar coci, irin wadda ake koya wa yara, aka ce ya karanta a bainar jama'a. Shi da kansa ya rubuta cewa cikin kuka da shessheƙa ya karanta ta.

Abin da ya ja masa shi ne ya ɗauki aƙidar Triniti, wato Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a wajen Kiristoci, ya yi bayaninta da ƙa'idojin manɗiƙi. Hujjarsa kuwa, almajiransa ne suka matsa, suka ce ba amfani a yi ta maimaita kalmomin da hankali bai kama ba. Tsohuwar rigimar nan ce ta hankali da nassi. Shekara goma kafin wannan wuta Imam Gazali ya rasu, bayan tasa fafatawar da masana falsafa, amma Abelard bai karanta shi ba, don ba a riga an fassara shi zuwa Latin ba.

An haifi Abelard a 1079 a ƙauyen Le Pallet kusa da Nantes. Ɗan fari ne a gidan jarumi, amma ya bar wa ƙannensa gado da takobi ya shiga yawon neman ilimi. A lokacin babu jami'a a Paris. Makarantu a gefen manyan majami'u suke, kuma darajar malami tana ga yawan masu zama gabansa. Idan almajirai suka watse, kasuwarsa ta tashi. Abelard ya gane wannan da wuri. Ya zauna gaban William na Champeaux, babban malamin Paris, ya yi ta ƙure shi a kan wata mas'ala: shin kalma kamar “mutum” wani abu ne guda mai wanzuwa a cikin kowane mutum, ko suna ne da muke gama mutane da shi? William ya ce abu ne guda. Abelard ya yi ta jan zaren har malamin ya sauya magana a gaban ɗalibansa. Daga nan ya buɗe tasa makarantar, aka bi shi.

A 1113 ya tafi garin Laon karatun tauhidi wurin tsoho Anselm, nan ma bai yi shiru ba. Ya ce tsohon kamar wuta ne mai cika ɗaki da hayaƙi ba haske. Almajiran wannan Anselm biyu, Alberic da Lotulf, su ne suka tsaya a kansa a Soissons bayan shekara takwas. A ganina wanda ya ce aƙida kaɗai ta hura waccan wuta bai duba da kyau ba. Bakinsa ya tara masa itacen tun da daɗewa.

Tsakanin zamansa a Laon da wutar Soissons ne abin da duniya ta fi saninsa da shi ya faru. An ba shi amanar koyar da Heloise, 'yar riƙon kawunta Fulbert, wani limamin majami'ar Notre-Dame ta Paris, ya yi mata ciki. Suka sa wa yaron suna Astrolabe, sunan na'urar auna taurari da Larabawa ke kira usɗurlab. An ɗaura aure a ɓoye, dangin yarinya suka ga kamar yana son ya yar da ita, suka aiko mutane da dare suka dandaƙe shi. Ya shiga gidan 'yan zuhudu na Saint-Denis, ita ma ta shiga na mata a Argenteuil.

Bayan Soissons mutum zai zaci ya saduda. Ina! Ya tara tambayoyi 158 a littafin da ya kira Sic et Non, wato “I da A'a”. A ƙarƙashin kowace tambaya sai ya jero maganganun magabatan coci masu cewa i, ya jero masu cewa a'a, ya bar su haka ba tare da ya raba gardama ba. A gabatarwa ya ba ɗalibi makaman aiki: ka duba ko kalma ɗaya ce aka yi amfani da ita da ma'ana biyu, ko mai kwafe littafin ya yi kuskure, ko an jingina wa malami abin da bai faɗa ba, ko ya janye maganar daga baya. Wanda ya san yadda malaman usulu ke yi da nassoshi masu karo da juna ba zai ga baƙon abu a nan ba. A nan ne kuma ya ce shakka ke kai mutum ga bincike, bincike ya kai shi ga gaskiya. A wani littafin ya ce zunubi yana ga niyya da yardar zuciya, ba ga aikin kansa ba, har ya kai maganar inda ta yi wa coci ɗaci: waɗanda, a aƙidar Kirista, suka gicciye Almasihu suna ganin daidai suke yi, ba su yi zunubi da wannan niyya ba.

Rayuwa ta yi masa ƙunci a waɗannan shekaru. Da aka naɗa shi shugaban gidan zuhudu na Saint-Gildas a gaɓar teku, ya ce mutanensa sun nemi sa masa guba. Ya kuma rubuta cewa akwai lokacin da ya yi tunanin barin ƙasar Kiristoci gaba ɗaya, ya koma cikin waɗanda ba Kiristoci ba, ya riƙa biyan haraji ya zauna lafiya.

Karo na biyu ya zo ne daga Bernard, shugaban gidan zuhudu na Clairvaux, mutumin da sarakuna da paparomomi ke jin maganarsa. Bernard ba jahili ba ne, kuma tsoronsa ba na banza ba ne: yana ganin in aka bar matasa suna tattauna asiran addini a mararraba kamar cinikin kasuwa, imanin talaka zai zube. An shirya muƙabala a garin Sens a 1141. Abelard ya zo da shirin gardama, fagen da ba a taɓa kayar da shi ba. Ashe tun daren jajibere Bernard ya zauna da bishop-bishop sun yanke hukunci. Da aka fara karanto tuhume-tuhumen, Abelard ya ƙi amsawa, ya ce ya ɗaukaka ƙara zuwa Rum, ya fice. Wasiƙun Bernard suka riga shi isa. Paparoma Innocent na Biyu ya hana shi magana har abada, ya ce a ƙona littattafansa.

Bai kai Rum ba. Peter, shugaban gidan zuhudu na Cluny, wanda daga baya ya sa aka yi fassarar Alƙur'ani ta farko zuwa Latin, aka kammala ta a 1143, ya tare shi a hanya, ya ba shi masauki, ya sasanta shi da Bernard. Abelard ya rasu ranar 21 ga Afrilu 1142 kusa da Chalon-sur-Saône, aka kai wa Heloise gawar ta binne.

Ba a yi shekara ashirin ba Peter Lombard ya fitar da littafinsa na tauhidi a Paris, yana jero maganganun magabata masu saɓani, sai dai shi yana sasanta su a ƙarshe. Wannan littafi ya zama abin karatun ɗaliban tauhidi a jami'o'in Turai na ɗaruruwan shekaru, har babban malamin tauhidin Kirista Thomas Aquinas ya yi masa sharhi. Lombard kuwa, da wasiƙar yabo daga hannun Bernard ya shigo Paris karatu.