Fargaba da ƙuncin rai a lokacin bukukuwa: tambayoyi da amsoshi

Kowa na murna, me ya sa a lokacin ne wasu ke shiga ƙunci?

Saboda biki yana rusa tsarin da ke riƙe da mutum. Barci ya rikice, hidima ta ƙaru, ga cinkoson jama'a, ga tambayoyin dangi kan aure, haihuwa ko aiki. Wanda aka yi wa rasuwa kuwa, a irin wannan taro ne giɓin mamacin ke fitowa fili.

Ta yaya za a gane abin ya zama ciwo?

Da daɗewarsa, da yadda ya hana mutum harkokinsa. Ƙuncin da biki ya kawo yakan lafa idan an koma zama irin na kullum. Amma idan aka kai mako 2 mutum na cikin baƙin ciki kusan kullum, abin da yake so ya fita ransa, barci da cin abinci suka sauya, ana zargin ciwon damuwa. Ciwon fargaba mai ɗorewa shi ne zullumin da mutum ya kasa tsayarwa a yawancin kwanaki har wata 6, tare da ɗaurewar tsoka, gajiya da saurin fushi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ne ke da ciwon fargaba a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke samun magani.

Idan firgici ya taso a tsakiyar taro fa?

Zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya yi sama, yatsu su ɗauki tsami, mutum ya ji kamar ajali ya zo. Saurin numfashin ne ke fitar da iskar kabon fiye da kima, shi ke kawo jiri da tsamin yatsu. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara zuƙar iska da ƙarfi, sai abin ya tsananta. Ka zauna, ka shaƙa ta hanci kana ƙirga 4, ka fitar a hankali ta baki kana ƙirga 6, ka yi ta maimaitawa na minti 5. Firgici yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin kusan minti 10, sannan ya sauka. Idan karon farko ne kuma akwai ciwon ƙirji, a je asibiti, domin ciwon zuciya da matsalar maƙoƙo suna iya zuwa da irin waɗannan alamu.

To ba gara a ƙaurace wa taron ba?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗawa tarko. Ƙin zuwa yana kawo sauƙi nan take, amma yana koya wa ƙwaƙwalwa cewa taron haɗari ne, sai tsoron ya ƙaru a karo na gaba. Ka je da iyaka: ka yanke tun daga gida cewa minti 40 za ka yi, ka tanadi gajeriyar amsa ga tambayar da ke sosa maka rai, ka sanar da mutum ɗaya da ka yarda da shi. Ka kiyaye lokacin tashi daga barci ko da an yi dare, ka yi tafiyar ƙasa ta minti 30, ka guji kofi bayan azahar, domin rabin sinadarinsa yana nan a jini bayan kusan awa 5.

Mai shan magani zai iya dakatawa har biki ya wuce?

Kada ya yi. Magungunan damuwa da fargaba irin su sertraline da fluoxetine sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin amfaninsu ya bayyana sosai, kuma yanke su kwatsam na iya jawo jiri, rashin barci da dawowar ciwon. A tanadi maganin da zai isa kafin a yi tafiyar biki. Diazepam kuwa, wato maganin kwantar da hankali, yana sa jiki ya saba da shi har ya yi wuyar bari, haɗa shi da barasa na iya danne numfashi.

Yaushe abin ya zama na gaggawa?

Da zarar mutum ya fara maganar gara ya mutu, ko yana sallama da mutane ba dalili. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da ƙwayoyi da makamai daga kusa da shi, a kai shi wurin likita a ranar.