Ɗana yana abubuwan mata, yaya zan yi? Tambayoyin iyaye da amsoshinsu

Magana ce da ba a cika yinta a fili ba, sai dai uwa ta ja ƙawarta gefe ta ce wallahi yaron nan ya dame ni, ba ya zama cikin maza, kullum yana gindin murhu, tafiyarsa da maganarsa duk ta mata. Wani gidan kuma mace ce ba ta son zane sai wando, ba ta da abokai sai maza. Ga wasu daga cikin abubuwan da iyaye ke tambaya.

Shin duk yaron da ke wasa da 'yar tsana ɗan daudu zai zama?

A'a. Yaro ɗan shekara 4 ko 5 da ya tashi cikin yayye mata zai ɗaura ɗankwali ya goya tsana, da yawansu suna girma abin ya wuce. Wanda ake magana a kai shi ne wanda abin ya zauna masa shekara da shekaru, ana hana shi yana komawa, wani ma har ya buɗe baki ya ce shi a ransa mace yake jin kansa.

Haka yake da mata-maza?

Daban ne. Mata-maza a jiki abin yake tun haihuwa, al'aurar jariri ba ta fito sosai a gane namiji ne ko mace ba. Wannan aikin likita ne, kuma kada a ɓoye saboda kunya, domin akwai nau'in da ke zuwa da matsalar gishirin jiki wanda zai iya kashe jariri cikin makonnin farko. A kai shi babban asibiti irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya.

To me iyaye suka fi yi idan sun lura?

Yawanci da zagi ake farawa, ana kiransa ɗan daudu a gaban ƙannensa, daga nan duka, daga nan a ce aljana ce ta aure shi a kai shi ruƙiyya ko a yi ta ba shi rubutu, idan ya kai munzali a yi masa auren gaggawa wai ko zai gyaru, a jefa 'yar mutane cikin abin da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Uba ya ɗora wa uwa laifi ya ce ita ta lalata shi, uwa kuma ta rasa inda za ta sa kanta, da rana ta yi masa faɗa da dare ta ajiye masa tuwo a ɓoye. Ƙarshe sai uba ya ce ya bar masa gida.

Idan aka kore shi ina yake zuwa?

Tasha, ko gidajen mata masu zaman kansu, ko wajen manyan 'yan daudu masu sayar da abinci, wani ya zame masa uwar ɗaki ya koya masa suyar kaza da tuƙin tuwo. Rudolf Gaudio, wani Ba'amurke da ya zauna da 'yan daudu a Kano, ya rubuta wannan rayuwar a littafinsa na 2009. Ku duba fa, yaro ɗan shekara 14 ba uwa ba uba ba makaranta, duk wanda ya ba shi wurin kwana shi ke da iko da shi. Ga kamun Hisba, ga dokar 2014 da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu wadda ta yanke shekara 14 a kan auren jinsi, amma a titi an mayar da ita dalilin tare duk wanda aka ga yana rangwaɗa a ƙwace masa waya ko a nemi kuɗi. Duk abin da uban yake tsoro, korar ce take kai yaron gare shi.

Duka da kora suna canza yaro?

Ɓoyewa kawai suke koya masa. A Amurka Caitlin Ryan da abokan aikinta sun fitar da bincike a 2009 kan matasa masu sha'awar jinsinsu, suka gano waɗanda iyaye suka tsangwama sosai sun ninka sauran fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kansu, sun ninka su fiye da sau 3 wajen shan ƙwaya. Can aka yi binciken ba nan ba, amma zuciyar yaron da uwarsa ta ce ba ta haife shi ba iri ɗaya ce a ko'ina. Kuma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire yanayin mutum ya ji kansa a jinsin da ba shi aka haife shi da shi ba daga jerin ciwon taɓin hankali, saboda haka ba mahaukaci ba ne da za a ɗaure da mari.

Amma ai addini ya hana namiji kamanta kansa da mace?

Hadisin da ya tsine wa mai yin haka yana nan, kowa ya san shi. Sai dai malamai tun da can sun raba abin biyu. Imamu Nawawi a sharhinsa na Sahihu Muslim ya ce wanda aka halitta da laushin murya da motsi irin na mata, ba shi ya ƙirƙira ba, babu zargi a kansa babu zunubi, tsinuwar tana kan mai yi da gangan. Ibnu Hajar ya ƙara da cewa a umarce shi ya yi ƙoƙarin bari a hankali. Ko ka ɗauki wannan ɗin, nasiha ce ta sannu-sannu a cikin gida, ciyarwa da tarbiyya suna nan a wuyan uba.

To ni da ban yarda da abin ba, me zan iya yi?

Da yawa. Ka hana 'yan gida yi masa laƙabi, ka je makarantarsa idan ana dukansa, ka bar shi ya ci abinci da 'yan uwansa, kada ka kai ƙararsa a taron dangi. Idan girki ya iya ka bar shi ya koya, sana'a ce. Ki zauna da shi ki tambaye shi me yake ji, ko wani babba yana taɓa shi, don mugaye sun fi farautar irin waɗannan yaran saboda sun san yaran ba za su iya faɗa a gida ba. Idan kuma ya daina cin abinci, ya daina magana, ko ya fara cewa gara ya mutu, kada a jira gobe, a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa ranar.